Shi Kaɗai a Kan Keke, Cikin Zafin Rana

'Yan'uwa, akwai wani tseren keke a Turai da ake kira Transcontinental, wanda aka fara a 2013. A tsakiyar lokacin zafi ake yin sa. A 2019 an tashi daga Burgas ta Bulgariya zuwa Brest ta Faransa, wajen kilomita 4,000. Fiona Kolbinger, 'yar Jamus, ita ta zo ta ɗaya cikin kwana 10 da 'yan awoyi, mace ta farko da ta ci tseren.

Dokarsa mai tsanani ce. Babu motar rakiya. Kowa shi zai nemi ruwansa da abincinsa da makwancinsa, in taya ta yi faci shi zai liƙe.

Mu matasa irin wannan jarumtaka tana burge mu. Muna son a ce da ƙarfinmu muka kai. Amma akwai abin da ya sa muka yi shiru. Mai tuƙa keke a rana yakan zubar da gumi lita guda a awa, gishirin jikinsa yana fita tare da shi. In zafi ya yi wa jiki yawa, hankali yakan rikice. Wanda abin ya kama sai ya ce lafiyarsa ƙalau. Na kusa da shi ne zai lura maganarsa ta canja, ya ja shi inuwa, ya jiƙa shi da ruwa.

To, a cikinmu wa yake cewa lafiya lau alhali ya galabaita? A wannan mako mu je mu duba shi.