Ƙarar Ƙarƙashin Mota: Kada A Yi Saurin Ɗora Wa Shakazoba Laifi

Babu abin da ke hana mai mota sakewa kamar ƙarar da kunnensa ke ji amma idonsa bai ga inda take fitowa ba. Inji lafiya lau, birki na kamawa, amma da zarar taya ta taɓa gargada sai a ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa kamar an ɗaura wa motar gwangwani. Wannan kuka ya fi yawa a bakin waɗanda suka cire ƙafafun da mota ta zo da su daga kamfani, suka sa irin waɗanda ake iya ɗagawa da saukewa, watau abin da Turawa ke kira koyiloba. Ni ma ina cikin masu irin wannan mota, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa wa masu karatu abin da na sani, ko wani ya tsira da kuɗinsa.

Ƙafar gaba ta yawancin ƙananan motoci tana bin tsarin da wani injiniyan Amurka mai suna Earle MacPherson ya fito da shi a shekarun 1940, inda sifirin ke kewaye da shakazoba, su biyun su zama ginshiƙi guda. Irinta ce a gaban Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, motar da dattawanmu har gobe ke yabon haƙurinta a kan mugun hanya. A wannan tsari, mazaunin sifirin a like yake da jikin shakazoba. Babu abin juyawa, saboda haka babu abin kwancewa. Ita kuwa koyiloba, jikinta duka zare ne kamar na ƙusar noti, da zobba na ƙarfe da ke hawa da sauka a kansa. A kan da yawa daga cikinsu zobban uku ne: ɗaya sifirin ke zaune a kai, na biyu yana kulle na farkon, na uku yana kulle gindin da ake juyawa don ƙara wa mota tsawo ko rage shi. Kamfanoni irin su Bilstein da KW na Jamus, da Tein na Japan, sun yi suna wajen ƙera ta. A can Turai yawanci don a sauke mota ake sayenta. Mu nan kuwa da yawanmu ɗagawa muke nema, don kada cikin mota ya riƙa goga ƙasa. To, masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk abin da aka yi shi don a juya, yana iya juyawa da kansa.

Lokacin da tawa ta fara wannan ƙara, wani makaniki a nan Ikko ya danna gefen motar sau biyu da hannu, ya girgiza kai, ya ce shakazoba sun mutu, sai a sake na gaba duka biyun. Ko taya bai cire ba. Na ce masa a'a, mu fara dubawa tukuna. Ba zargin mugunta nake masa ba. Ya saba da ƙafa irin ta kamfani, wadda in ta yi ƙara sauyawa ce maganinta. Amma kuɗin da ya ambata ba na wasa ba ne, kuma da an kashe su da ƙarar tana nan, domin ba can ciwon yake ba.

Abu na farko shi ne saurare, domin ƙara iri-iri ce, kowace da inda take nuni. A kwashe duk tarkacen da ke cikin but, har jak da sifana, a rufe rediyo, a bi hanya mai 'yan ramuka a hankali. Ƙarar da ke zuwa sauri-sauri a kan ƙananan duwatsu, ta ɓace a kan kwalta mai santsi, yawanci daga 'yan sandunan nan take masu haɗa shakazoba da sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana, waɗanda makanikai ke ce wa linkej. Ƙarar da ke zuwa sau ɗaya, gum, sa'ad da taya ta faɗa rami ko ta sauko daga tudun rage gudu, ita kuwa sifirin ne ya rabu da mazauninsa sa'an nan ya dawo ya buga, ko kuma notin can sama ya saki. Akwai ta uku, wadda ake ji mota na tsaye ana juya sitiyari, kamar an tsinke tsirkiya: wannan sifirin ne ke murɗewa ya ƙwace, don boris ɗin da ya kamata ya bar shi ya juya ya bushe ko ya cika da ƙasa.

Sa'an nan a ɗaga motar. A nan ina roƙon mai karatu kada ya yarda kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da ƙarfe mai ƙarfi. Kuma a ɗaga tayoyin gaba duka biyu, domin in ɗaya kurum aka ɗaga, sandar kwanar nan takan murɗe ta ɗaure komai tamau, abin da ke lilo ya yi shiru kamar lafiyarsa ƙalau. Da tayoyi sun rataya, a kama sifirin da hannu. In ya juya cikin sauƙi ko ya yi sama da ƙasa, to, ga ɓarawon nan. Maganinsa a ɗaga zoben mazauni har ya taɓa sifirin, a ƙara matsawa kaɗan gwargwadon abin da takardar masu ƙerawa ta ce, wasu kimanin milimita 4 suke so, sa'an nan a ɗaure zobe na biyu a kansa da sifanar nan mai ƙugiya da ke zuwa tare da kayan. Wanda aka fi mantawa shi ne zobe na uku, na ƙasa, alhali kuwa shi ya fi haɗari, domin in ya saki, jikin shakazoba yakan yi ta lilo cikin gindinsa har zaren ya cinye, kuma nauyin wannan ɓangare na motar a kan wannan zare yake.

Ita tawa, zobban duk a ɗaure muka same su. Sai na sa aka kwance linkej duka biyu, aka ɗaure bakin sandar da waya don kada ta taɓa wani abu, muka zaga unguwa a hankali. Tsit kake ji. Dalili kuwa, da aka sauya tsayin motar, linkej na asali ya zama bai dace da sabon tsayin ba, yana aiki a karkace har kansa ya gaji. Muka sa irin wanda ake iya daidaita tsawonsa, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka fara ambata mini ba. Wannan gwaji na ɗan lokaci ne fa. Ba a tafiya mai nisa ko gudu da sandar a kwance, don mota takan kwanta sosai a kwana.

Notin sama yana da nasa sharaɗi. Wasu yaran gareji sukan ɗora masa bindigar iska su sake mata wuta, sai sandar cikin shakazoba ta yi ta juyawa tare da notin. Bai ɗauru ba, ga shi kuma ana iya lalata abin da ke ciki. Da hannu ake ɗaure shi, a riƙe kan sandar da makullinta, kuma ba a cizon jikinta mai sheƙi da filaya, domin kowane tabo zai yaga robar da ke tare mai. Haka nan, da yawa daga cikin waɗannan ƙafafu ba roba ce a samansu ba, ƙwallon ƙarfe ne cikin kwasfa. Wannan ko sabo ne yakan shigo da amon hanya cikin mota fiye da roba, kuma ba lalacewa ba ce. Sai in an sa hannu an ji yana ƙwas sama da ƙasa ne ya ƙare, kuma a kan iri da yawa ana iya sauya shi shi kaɗai.

Notocin da ke bi ta cikin bushin roba kuwa, sai an sauke mota ta tsaya da nauyinta ake yi musu ɗaurin ƙarshe, in ba haka ba robar takan zauna a murɗe ta tsage da wuri. Ni nakan ja layin fenti a kan zobban bayan an ɗaure, don in layin ya goce in gani tun daga nesa. Ƙurar hunturu da taɓon damina su ne abokan gaban zaren, saboda haka nakan sa a wanke shi da buroshi duk sa'ad da aka je juyen baƙin mai.

Ba na cewa shakazoba ba ta mutuwa. In aka ga mai ya jiƙa jikinta har ƙura ta manne, ko mota ta ci gaba da rausaya bayan ta wuce tudu, to, ta gama aiki. Irin mai bututu guda tana ɗauke da iskar naitirojin a matse ƙwarai, don haka ba abin da za a huda ko a kai wa mai walda ba ne. Sai dai a kai wa wanda ke da kayan sake cika ta, ko a sayi sabuwa, ta hagu da ta dama tare.