WAƘOƘIN KANDIN 'YAN JAPAN DA BAN-KWANAN DA NA ƘI YI

Yau na ajiye biron ƙagaggen labari a gefe, nawa na kaina zan ba ku, kuma waƙoƙin wata ƙasa mai nisa ne suka sa na buɗe baki.

Autanmu mayen kallon katun ɗin Naruto ne. Wata rana ina wanke-wanke sai na ji muryar wata mace tana tashi daga wayarsa, murya mai zaƙi kamar ana busa sarewa. Na ce, "Kai Auta, wace ce wannan?" Ya ce, "Yaya, 'yan Japan ne, sunan ƙungiyarsu Ikimonogakari." Da dare na nemo su a YouTube, sai na faɗa kan wata waƙarsu ta shekarar 2009 mai suna "YELL". Ɗalibai na gani cikin yunifom sun jeru a ɗakin taro suna rera ta, maza da mata, hawaye shaɓe-shaɓe. Ko kalma ɗaya ba na ji sai fassarar da ke gudana a ƙasa, amma wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar na shiga bin diddigin abin da ke sa su wannan kuka.

Ashe a Japan shekarar karatu a watan Afrilu take farawa, ta ƙare a Maris. A Maris ake bikin yaye ɗalibai, ran 1 ga Afrilu kuma sababbin ma'aikata ke kama aiki. Wannan lokaci suna kiransa haru. Masu fassara kan ce bazara, sai dai tasu ba irin tamu mai zafi ba ce, lokaci ne da sanyin hunturu ke janyewa, itatuwa su fara toho. A daidai nan ne itacen sakura ke fitar da furensa, fari mai ratsin ruwan hoda. A Tokyo yakan buɗe ne wajen ƙarshen Maris, ya cika fal cikin kamar mako guda, bayan wani makon kuma iska ta kakkaɓe shi. Shi ya sa mutane ke shimfiɗa tabarmi a gindinsa su ci su sha suna kallo, al'adar da suke kira hanami, domin wanda ya ce sai gobe yana iya tarar da reshe tsirara. To kin ga rabuwa da ƙawaye, da shiga sabuwar rayuwa, da furen da ba ya jira, duk a wata guda suke haɗuwa. Dole waƙa ta fito.

Bari na fara da kakanninsu. "Hotaru no Hikari", wato hasken makesu, wannan ƙwaron mai walƙiya da dare, ta fito a littafin waƙoƙin makaranta a 1881, kuma karinta aro ne daga wata tsohuwar waƙar ban-kwana ta mutanen Sikotland. Sunan ya samo asali daga tsohon labarin ƙasar Sin na ɗalibin da ba shi da kuɗin man fitila, ya tara ƙwarin yana karatu da haskensu. Duk wadda ta taɓa kwana da tocila tana bitar jarrabawa ta san zancen. Sai "Aogeba Totoshi" ta 1884, ita kuma godiya ce ga malamai.

Wadda labarinta ya fi burge ni ita ce "Tabidachi no Hi ni", wato ranar kama hanya. Ba wani tauraro ne ya yi ta ba. A ƙaramar sakandaren Kagemori da ke garin Chichibu a yankin Saitama, shugaban makarantar, Kojima Noboru, ya ƙudura gyara halin ɗalibansa ta hanyar rera waƙa tare. Da farko yara sun yi ta noƙewa, daga baya suka sake. A 1991 ya rubuta baitocin, malamar kiɗa Sakamoto Hiromi ta sa musu kari, malamai suka hau dandamali suka rera wa masu fita a matsayin tsaraba. An yi ta ne don rana ɗaya, amma sai ta bazu daga makaranta zuwa makaranta har ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi rerawa a bikin yaye a duk ƙasar. Ku duba fa, malamai ne suka tsaya gaban yara suna yi musu waƙa!

Akwai guda biyu da suka ba ni dariya, domin asali ba don makaranta aka yi su ba. "Okuru Kotoba" ta ƙungiyar Kaientai, 1979, mawaƙinta Takeda Tetsuya ya rubuta ta ne bayan budurwa ta yaudare shi ta tafi. Da aka sa ta a wasan kwaikwayon talabijin na wani malamin makaranta, Kinpachi Sensei, shi ke nan sai ɗalibai suka ƙwace. Haka "Sangatsu Kokonoka", wato 9 ga Maris, ta ƙungiyar Remioromen, 2004, don bikin auren abokinsu suka yi ta. Na ce ashe ko ina ne, kukan amarya da kukan 'yar kandi uwarsu ɗaya.

Tunda na taɓo soyayya, ga wata al'adarsu da na so a ce ni na ƙirƙiro ta a littafi. Ranar yaye, yarinyar da ta daɗe tana ɓoye son wani a zuci takan je ta roƙe shi maɓalli na biyu na rigar yunifom ɗinsa, wai shi ya fi kusa da zuciya. In ya cire ya ba ta, ta samu amsa. In ya hana, ta dai faɗa kafin ƙofa ta rufe. Al'adarsu ce, ban ce ku je kuna tsinke wa 'ya'yan mutane riga ba.

Ke kuma da fargabar gobe ta hana ki barci, ko sakamako zai yi kyau, ko za a bar ki ki ci gaba, nemi "Tegami" ta Angela Aki, 2008. Ma'anar sunan wasiƙa. An yi ta ne don gasar waƙar makarantu ta gidan talabijin na NHK, kuma tsarinta shi ne mai shekara 15 ta rubuta wa kanta ta nan gaba damuwarta, babbar kuma ta maido mata amsa. Idan kuma ta sanyin safiya kike so, ga "Sakura" ta Moriyama Naotaro, 2003, murya ce da fiyano kawai, da "Haru yo, Koi" ta Matsutoya Yumi, 1994.

To ita wannan Yumi ce ta kayar da ni. Tun tana amsa sunan Arai Yumi, a 1975, ta yi wata mai suna "Sotsugyo Shashin", wato hoton gama makaranta, a kan wadda ke buɗe tsohon albam tana duban fuskar da ta rabu da ita. Ban kai ƙarshenta ba na tashi na janyo akwatina na makaranta daga ƙarƙashin gado.

Ina da aminiya a makarantar kwana, ba zan faɗi sunanta ba. Shekara shida gadonta na saman nawa, kwanonmu ɗaya, garin kwaki da ƙuli tare muke jiƙawa. Ita kaɗai ta san ina rubuta labari a bayan littafin lissafi. Saura wata biyu mu fara WAEC, sai na shigo aji na tarar tana karanta wa 'yan ajinmu shi da ƙarfi, ana ta shewa. Ta ce, "Haba ƙawas, daɗi ya yi musu fa, so nake su san ke gwana ce." Ni kuwa na ji kamar ta tsiraita ni a kasuwa. Na fisge littafina, na ɗaura gaba. Sau uku tana aiko min da takarda ina mayarwa ban buɗe ba.

Ranar da muka gama takardar ƙarshe, ana ta rungume-rungume, ana rubutu a jikin riguna. Na hange ta a bakin get da akwatinta tana kallona. Zuciyata ta ce je ki, girman kai ya ce ai gari ɗaya kuke, kya neme ta bayan ta ji jiki. Na shige mota. Ban san an yi wa babanta canjin wurin aiki ba. A hoton ajinmu ma tana wannan ƙarshen, ina wancan.

Shekara bakwai ke nan. Bayan waccan waƙa na yi sati biyu ina bin 'yan ajinmu har na samu lambarta. Da ta ɗauka na faɗi sunana, shiru ya ratsa, sannan ta ce, "Ke ce? Ai duk littattafanki ina da su." Na ce ta yafe min. Ta yi dariya ta ce ita tuni ta yafe, har ta manta yadda faɗan ya faro. Mun yi hira, muna kuma gaisawa har yanzu. Amma kada na yi muku ƙarya, ba kamar da ba. An yi bikinta ban kama mata ko tsinke ba, an yi sunan 'yarta ta fari ban sani ba, mahaifiyarta da ke aiko mana da dambun nama ranar ziyara ta rasu ban je gaisuwa ba. Yafiya ta samu, amma waɗannan ranakun ba mai dawo min da su.

Abin da na gani wurin 'yan Japan shi ne sun ware wa rabuwa ranarta, sun tanadar mata kalmomi, ta yadda ko mai nauyin baki zai buɗe shi a cikin taro ya yi godiya ya yi sallama. Ni da na ce ni marubuciya ce, kalma biyu ta gagare ni a bakin get.

Don haka ƙanwata, in kin gama bitar yau, saurari ɗaya daga cikinsu, ki fara da "Tabidachi no Hi ni". Sannan ki lissafa: malamar da ta tsaya miki, ƙaramar da ke ɗebo miki ruwa, da wadda kuke gaba. Ki same su tun kafin takardar ƙarshe, domin ranar kandi hayaniya ce, mota kuma ba ta jira. Ki karɓi lamba biyu, tata da ta gidansu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku a kullum.