Laifin Allo Ko Laifin Waya?

Duk wanda ya ƙirga kuɗinsa ya sayi kaya sabo fil a cikin kwali, to, har da kwanciyar rai ya biya. Saboda haka ranar da kayan ya nuna aibi, kafin hankali ya ce uffan zuciya ta riga ta yanke hukunci cewa an yi cuta. Wannan hali ya fi yawa a sha'anin kwamfuta, domin ita na'ura ce wadda ciwonta kan ɓuya a wani wuri, alamarsa kuma ta fito a wani wuri dabam.

Akwai wani magidanci Bakatsine, mazaunin Agege a Legas, wanda yake da ɗan shago na buga takardu da katin biki da hoton fasfo. Da ya kwashi adashinsa sai ya nufi Ikeja, kasuwar nan ta na'urori da ake kira Computer Village, wajen wani ɗan kasuwa wanda suka daɗe suna hulɗa ba tare da wani ya taɓa jin kansu ba. Ya sayo kwamfutar tebur sabuwa da allonta, ya haɗa ta da hannunsa. Tsohuwar wayar allo mai shuɗin kai tana nan a bayan tebur tun zamanin tsohon injinsa, sai ya jona ta kawai, ya bar sabuwar a ƙasan kwali.

Da aka kunna, farin allo ya koma ruwan hoda, wasu layuka suna ta hawa da sauka kamar igiyar ruwa. Jefi-jefi kuma allon ya ɗauke baki ɗaya, ya yi daƙiƙa biyu cikin duhu, sa'an nan ya dawo. Mutumin ya daure ya ci gaba da aiki. Ganin fuskokin masu hoton fasfo sun yi ja a allo, sai ya riƙa ƙara musu kore don su daidaita, amma da ya buga a takarda sai fuskoki suka fito kore-kore kamar ganyen alayyafo. Mutum uku suka karɓe kuɗinsu a yini ɗaya. Nan fa ya rantse cewa tsohon kaya aka goge aka sayar masa, gobe da sassafe kuwa sai Ikeja, kuma sai kasuwa ta ji kansu.

Da almuru ɗan ƙanwarsa, wanda yake koyon gyaran na'urori, ya biyo ta shagon. Ya saurari ƙorafin har ƙarshe, sa'an nan ya ce, “Kawu, a ba ni sa'a ɗaya kafin a ɗaure kwalin nan. In laifin injin ne, ni zan ɗauko shi a kaina har Ikeja.”

“To, ɗan nan, gwada mu gani,” in ji kawun, ba don ya yarda ba.

Abin da yaron ya yi ya cancanci mai karatu ya lura da shi. Hoto ba ya isa idon mutum sai ya bi ta hannu huɗu: manhajar da ke ba da umarni, katin hoto da ke zanawa a cikin injin, wayar da ke ɗauko zanen, da allon da ke nuna shi. Allon da aka fi samu a kasuwa yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600, kuma ana sabunta su sau 60 a kowace daƙiƙa. Ko wanne daga cikin hannuwan nan huɗu ya yi kuskure, a fuskar allo za a gani. Hanyar gane mai laifi kuwa guda ce, a canja abu ɗaya tak, a duba, kafin a taɓa na biyu.

Da farko ya danna maɓallin Print Screen ya ɗauki hoton abin da ke allon, ya tura wayarsa ta hannu. A can hoton ya fito fari tas. Wannan ya nuna cewa zanen yana barin katin hoto da lafiyarsa, a hanya yake ɓaci. Ya kashe injin ya sake kunnawa, ya shiga shafin BIOS, wanda yake bayyana tun kafin Windows ta farka. Ruwan hodan yana nan, ashe ke nan babu hannun Windows a cikin batun launi. Saura waya da allo.

Ya zare wayar ya haska bakinta da tocila. Irin wannan waya ita ake kira VGA, kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, tana da tsinke 15, kuma ja da kore da shuɗi kowanne da tsinkensa. Tsinke na biyu, mai ɗaukar kore, ya lanƙwashe. In kore ya ɓace, ja da shuɗi ne suke saura, su ne kuma suke ba da wannan launi. Layukan da ke yawo su ma daga nan suke, domin saƙon VGA yana tafiya ne da hawa da saukar ƙarfin lantarki, duk wata hayaniyar wuta da ke kusa tana iya shiga cikinsa, ga shi kuwa wayar tana kwance a kan wayar janareta. Ya ɗauko sabuwar HDMI daga kwali, wadda take aika saƙonta da lambobi, ya jona. Allo ya washe.

Kawun ya fara murmushi ke nan sai allon ya sake ɗaukewa. Yaron bai razana ba, domin ciwo biyu na iya haɗuwa a jiki ɗaya. Ya tayar da Windows a yanayin nan na gwaji da take aiki da mafi ƙarancin manhajoji, suka zauna suna kallo, allon bai ƙifta ba ko sau ɗaya. Zargi ya koma kan manhajar da ake kira direba, wadda aikinta tafinta ne tsakanin Windows da katin hoto. Sabuwar kwamfuta takan yi watanni a kwali kafin a saye ta, direbanta kuwa ya tsufa a can. Ya sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera katin, ya ɗora, shi ke nan ɗaukewar ta tsaya.

Ba kullum ne abin yake ƙarewa haka ba. In murabba'ai masu launi ko tsage-tsage suka fito a shafin BIOS, aka canja waya, aka gwada wani allo, suna nan daram, to, ciwon yana cikin injin, galibi a katin hoto. In kuwa layi ɗaya ya kafe a wuri guda ko da an jona allon da wata kwamfuta, allon ne. A irin wannan hali kada a kwance abin da aka liƙe da hatimi, a ɗauki rasit a koma wa mai kaya. Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da aibi. Wanda ya je da bayanin gwajin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya, ya fi saurin samun biyan bukata a kan wanda ya je da kumfar baki.

Haka kuma ya kamata masu shaguna su tuna cewa wutar ƙasar nan bolt 230 ce a takarda, amma abin da ke fitowa daga soket da janareta yakan saɓa. Na'urar daidaita wuta ko UPS ba ta kai kuɗin katin hoto ba.

Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Kasuwanci a gari irin Legas, inda Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo suke cin abinci a hannun juna, amana ce jarinsa, kuma kalmar “ɓarawo” in ta fita a bainar jama'a ba ta komawa baki. Sa'a ɗaya ta bincike ba ta rage wa mai gaskiya haƙƙinsa, tana dai hana a ɗora wa bawan Allah laifin tsinken da ya lanƙwashe. Allah Ya ba mu haƙurin dubawa kafin zargi, amin.