Littattafan waɗanda suka gani da idonsu

Jama'a, masu tambayar me za su karanta in sun gaji da ƙagaggun labarai, ga amsata. Akwai son kai a ciki: na fi yarda da littafin wanda ya yi abu da hannunsa. Gani ya kori ji.

Mu 'yan tudu teku ba ta cikin hirarmu, iyakarmu kwalekwalen Yawuri. Shi ya sa nake cewa a fara da Sailing Alone Around the World na Joshua Slocum. A 1895 ya tashi daga Boston cikin wani tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska, wanda ya sake ginawa da kansa, ya zagaye duniya shi kaɗai tilo, ya dawo a 1898. Ba wanda ya riga shi. A mashigin Magellan, da ya ji tsoron masu hawo masa jirgi da dare, sai ya watsa ƙananan ƙusoshi a daɓen jirgin ya shige ya kwanta. Ihun waɗanda suka taka ba takalmi ne ya tashe shi. Haka yake ba da labari, ba cika baki, kamar bai yi komai ba.

A fannin yaƙi ba na haɗa kowa da Usama bn Munƙiz, basaraken Shaizar ta ƙasar Sham, wanda ya rasu a 1188 yana da shekara casa'in da ɗoriya. A littafinsa Kitabul I'itibar za ka ga mutumin da ya gwabza da mayaƙan Salibiyya, amma yana da abokai a cikinsu, yana yaba jarumtarsu yana kuma yi wa likitancinsu dariya. Ƙarshen littafin farauta ce zalla: labarin mahaifinsa, wanda ya raba lokacinsa tsakanin rubuta Alƙur'ani da hannu da fita daji da shaho da karnuka. Littafi ɗaya, riba biyu.

Na gida kuwa, a nemi Concerning Brave Captains na D.J.M. Muffett, kan faɗuwar Kano da Sakkwato da yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Shi bai ga yaƙin ba, amma ya zauna da tsofaffin da suka gani. Jami'in mulkin mallaka ne dai, a karanta ido a buɗe.

Mafarauta, naku shi ne Man-Eaters of Kumaon na Jim Corbett, na 1944. Damisar Champawat a Indiya, wadda aka ce ta ci mutum 436, da ya harbe ta a 1907 sai ya tarar haƙoranta a karye, abin da ya hana ta kama naman daji ke nan.

A addini, bayan sira, ina roƙon matasa su karanta Al-Munƙiz minad Dalal na Imam Gazali. Babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa a gabansa, shakka kan niyyarsa ta kama shi har harshensa ya ƙi motsi a wajen karatu. A 1095 ya bar kujerar ya fice. Ƙaramin littafi ne, ana gama shi a zama biyu.

Wanda yake da ɗaya daga cikinsu a ajiye yana shan ƙura, don Allah ya ara wa na kusa da shi.