Ranar da Modem Ya Amsa Sallama

Kwanan baya ina kakkaɓe ɗakin littattafaina a gidanmu da ke Runjin Sambo, sai na ci karo da wani ɗan allo kore mai faɗin tafin hannu, ƙura ta lulluɓe shi. Jikata ta ɗauka ta juya shi, ta ce, "Kaka, wannan fa?" Na ce mata modem ne. Ta dube ni, ta dubi wayar da ke hannunta, ta ajiye shi ta yi gaba abinta. Ban ga laifinta ba. Amma ni kam sai da na nemi wuri na zauna, domin kuwa wannan ɗan allo ya taɓa hana ni barci har kwana uku.

Bari in mai da kai baya, ya kai mai karatu. A hunturun 1999 ne wani edita a Kano ya aiko mini cewa yana tattara gajerun labarai zai buga su littafi guda, kuma duk wanda labarinsa bai isa ba kafin ranar Juma'a, to sai dai ya yi haƙuri. Kafin wannan na taɓa ba wani direba rubutuna a tashar mota, shafi arba'in da na rubuta da hannu, har yau ba su isa inda na aike su ba. Abin da ya sa ke nan na sayar da babur ɗina na sayi kwamfuta 'yar gwanjo mai Windows 95, na ƙara da wannan modem da aka soke mini a cikinta. Uwargida ba ta ce uffan ba a lokacin, amma kullum ta gan ni ina tafiya makaranta a ƙasa, kallon da take yi mini ya ishe ni jawabi.

Saboda 'yan baya, aikin modem shi ne ya mai da abin da ke cikin kwamfuta ya zama sauti, ya tura shi ta wayar tarho, wani modem a can ɗaya gefen ya sake mai da sautin rubutu. Nawa yana iya tura ɗigon bayani 33,600 a daƙiƙa guda, abin da wayar jikata za ta yi wa dariya. A wancan zamani wayar salula ta GSM ba ta zo ba, sai a 2001. Layukan tarho na ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, alhali mutane sun haura miliyan ɗari. Ni na yi sa'a akwai layin NITEL a gidanmu, mai lambar Sakkwato, wato 060. Kamfanin da na yi rajistar intanet da shi kuwa a Legas yake, don haka kowane minti kuɗin kiran nesa ne.

Ranar Talata da dare na gama buga labarina, na yi bisimilla, na umarci kwamfuta ta nemo modem. Ta yi ta lalube, can sai ta ce ba ta ga komai ba. Na sake, ta sake. Na kashe na kunna. Na zargi layi, na ɗaga kan tarho na ji yana ƙugi lafiya lau. Na zargi ƙurar hunturu, na kwance akwatin da sukurdireba, na zare allon na goge shi da buroshi, na mayar. Shiru. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, duk lokacin da kwamfutar ta shiga neman modem, sai linzamin, wanda wasu ke kira ɓera, ya sandare, kibiyar nan ta ƙi motsi. Na ɗauka wata sabuwar cuta ce ta daban, ban san cewa amsar ce take ɗaga mini hannu ba.

Ranar Laraba na yanke hukunci cewa an sayar mini da gawa. Na fara shirya kalmomin da zan gaya wa mai shago, na kuma fara tunanin yadda zan dubi idon uwargida. Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga ɗan ƙanwata, wani matashi mai karatun lantarki, ya zo gaisuwa. Ya tarar da ni na yi tagumi. Da na gama zayyana masa, sai ya ce, "Kawu, kai da kanka ka tambaye shi?"

Na ce, "Wa zan tambaya, yaro?"

Ya ce, "Shi abin ga. Kwamfuta ta ce ba ta gane shi ba, amma shi ba ka ji ta bakinai ba."

Ya ja kujera, ya zare linzamin, ya sake kunna kwamfutar, ya yi ta aiki da maɓallan rubutu kawai. Ya buɗe wata 'yar manhaja mai suna HyperTerminal, ya zaɓi ƙofar da ake kira COM3, ya buga haruffa biyu: AT. Nan take wasu haruffa biyu suka fito a ƙasansu: OK. Wallahi sai na ji kamar na yi sallama a gidan da na ɗauka kango ne, aka amsa mini daga ciki. Daga baya na san cewa wannan gaisuwa ta samo asali ne daga kamfanin Hayes na Amurka, wanda ya fito da modem ɗinsa a 1981, kuma ma'anarta ita ce, saurara.

Yaron ya yi mini bayani dalla-dalla. Kwamfutocin wancan zamani suna da ƙofofi huɗu na irin wannan aiki, COM1 zuwa COM4, amma layukan da suke jawo hankalin ƙwaƙwalwar kwamfuta da su biyu ne rak. COM1 da COM3 suna tarayya a layi na 4, COM2 da COM4 kuma a layi na 3. Linzamina yana COM1, modem kuma an ɗora shi a COM3. Ya ce, "Kawu, su biyu ka gardama bisa layi guda, shi ya sa ba a jin kowa." Ya shiga saitin farko na kwamfutar ya rufe COM2 da ba a amfani da ita, ya zare allon, ya sa tsinke ya matsar da wasu 'yan ƙullayen roba da ake kira jamfa, ba ta sawa a jiki ba, ya mai da modem COM2 a layi na 3. Aikin bai kai minti ashirin ba. Aka mayar da linzami, kwamfuta ta nemi modem ta same shi a karon farko.

Bayan isha'i na kira Legas. Ɗakin ya cika da wannan kuka mai kama da na gyare haɗe da tsohuwar ƙofar langa-langa, sannan ya yi tsit. Labarina ya tafi. Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, har ya kai?" Na ce ya kai. Ta ce, "To, Allah Ya sa babur ya tafi a sa'a."

Ashe da sauran rina a kaba. Washegari edita ya bugo waya, ya ce labari ya iso, amma duk inda na sa ƙ ko ɗ ko ɓ wata alama ce ta daban ta fito. Na buga rubutun ne da irin haruffan Hausa masu lanƙwasa da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro a shekarun 1990, kwamfutar edita kuwa ba a sa mata su ba. Na sake kira, na tura masa haruffan, ƙasa ta koma ƙasa, ɗaki ya koma ɗaki. Labarin ya shiga littafi.

Tun daga ranar, idan matashin marubuci ya zo mini yana cewa zai yaga rubutunsa domin ya aika an yi masa shiru, nakan tuna yadda na kusa jefar da lafiyayyen abu don kawai an ce mini ba a gan shi ba. Nakan ce masa ya dakata. Ya bincika ko saƙon ya isa, ya bincika ko ya ƙwanƙwasa ƙofar da ta dace, ya ba wani masani ya karanta ya gaya masa gaskiya. In bayan duk wannan rubutun ne ba shi da rai, to sai a sake wani. Amma kada a yi wa mai rai jana'iza.

Na goge ɗan allon nan na sa shi a kan kanta, kusa da littafin. Allah Ya sa mu dace, amin.