Mutanen Salem Da Tsohuwar Unguwarmu

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban gane nauyin wannan magana ba sai ranar da na karanta labarin wasu mutane da ake kira 'yan Furitan, wato masu neman tsarkake addini. Na ɗauko littafin ne da niyyar yi musu dariya, amma kafin in ajiye shi sai na sami kaina cikin kunya.

Su dai waɗannan mutane Kiristoci ne da suka bayyana a Ingila a zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya. Suna ganin cocin ƙasarsu bai rabu da al'adun Katolika ba. Aƙidarsu ita ce Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira tun kafin a halicce su, saboda haka kowa kullum yana binciken zuciyarsa ko zai ga alamar yana cikin zaɓaɓɓu. Da suka ga an matsa musu, sai suka yi ƙaura zuwa Amurka. A shekara ta 1630 John Winthrop ya jagoranci wata babbar tawaga, suka kafa garin Boston. Cikin shekara goma, kimanin mutum dubu ashirin suka tsallaka teku.

Gaskiya sun yi abin yabo. Saboda suna son kowa ya karanta Baibul da kansa, sai suka riƙe ilmi hannu biyu. A 1636 suka kafa kwalejin Harvard. A 1647 kuma suka yi doka cewa duk garin da ya kai gida hamsin dole ya ɗauki malamin da zai koya wa yara karatu da rubutu. Ga su da ƙwazon aiki da ƙin almubazzaranci.

To amma akwai wani gefen. Sun ɗauka sun yi alkawari da Allah ne a matsayin al'umma, don haka zunubin mutum ɗaya zai iya jawo wa gari duka fushin Ubangiji. Wannan ya sa kowa ya zama ɗan sandan maƙwabcinsa. Daga 1631 ba mai jefa ƙuri'a a zaɓen gwamna sai cikakken ɗan coci. A 1659 suka hana bikin Kirsimeti, wanda aka kama tarar sule biyar. Roger Williams da ya ce ba ruwan hukuma da imanin mutum, korarsa suka yi a 1635. Mary Dyer kuwa rataye ta suka yi a 1660. Ka ji waɗanda suka gudo daga tsanani!

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na garin Salem a 1692. Wasu 'yan mata a gidan limamin cocin suka fara bori da kururuwa, aka ce maita ce. Waɗanda aka fara nunawa su ne wata baiwa, da wata mabaraciya, da wata mara lafiya da ta daɗe ba ta zuwa coci. Kotu ta karɓi shaidar cewa an ga kurwar wance tana azabtar da yarinya. Aka rataye mutum 19, aka danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu.

A nan ne na tuna da wata tsohuwa a unguwarmu lokacin ina ɗan shekara tara. Ba ta da ɗa ba ta da jika, daddawa take sayarwa. Wani yaro ya kwanta zazzaɓi, cikin sambatu ya ambaci sunanta. Nan da nan aka ce ta kama kurwarsa. Aka fito da ita aka tilasta mata ta tsallake shi, mu kuma yara muka bi ta da jifa muna ihu. Ni ma na yi jifa, kuma dutsena ya same ta a kafaɗa. Ta waiwayo ta ce, "Har da kai, ɗan nan?" Da ma takan ba ni gyaɗa idan an aike ni wurinta. Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen daddawarta, ba a jima ba ta bar garin.

Cikin alƙalan Salem akwai wani mai suna Samuel Sewall. A 1697 ya miƙe tsaye a gaban jama'a cikin coci, aka karanta takardarsa ta amsa laifi da neman gafarar Allah da ta mutane. Shi ya sami damar yin haka. Ni kuwa tsohuwar nan ta rasu tun ban yi hankali ba, ba ni da wanda zan je in durƙusa wa.

Saboda haka 'yan'uwana ɗalibai, ba na zargin 'yan Furitan da yawan tsoron Allah. Kuskurensu shi ne sun tabbatar wa kansu cewa sun san abin da ke zuciyar wani, kuma mara gata suka fara gwada wannan sani a kansa. Allah ya jiƙan tsohuwar nan, ya yafe mini, amin.