Birnin da Manya Ke Wasa da Ƙarshen Duniya

A garin Essen na ƙasar Jamus, duk watan Oktoba ana cin wata kasuwa ta kwana huɗu wadda ba a sayar da komai a cikinta sai kayan wasa. Sunanta SPIEL, tun 1983 ake cin ta, kuma masu shiga sukan kai 200,000 ko kusa da haka. Kada mai karatu ya zaci yara nake nufi. Dattawa ne masu furfura, da matan aure, da samari masu gemu har ƙirji, kowa na jan akwatin tafiya wayam, da yamma ya fito da shi maƙil da kwalaye. Tun da sassafe suke layi cikin yayyafin nan na Turai mai kama da feshi, wanda ba ya jiƙa mutum nan take, sai dai ya ratsa ƙashi a hankali.

Ciki kuwa zauruka ne maka-maka, tebur bayan tebur har ido ya gaji, ga ƙanshin sabon kwali da tawada ko'ina. Mu dara muka sani: a tona gurabe talatin a ƙasa, wannan ya ɗebi tsakuwa, wancan ya karya kara, sha biyu-sha biyu, shi ke nan an ɗora. A nan kuwa wasa guda sai wani ma'aikaci ya tsaya a kanka rabin awa yana koya maka dokoki, kamar ɗaurin talala, kafin ka taɓa komai.

Da na je, wasan da ya fara tsayar da ni sunansa Scythe. Hoton kwalin ne ya kama ni. Manoma ne a gona suna girbi da lauje, rana ta yi sanyi, sai ga wasu dodannin ƙarfe a bayansu, tsayinsu ya fi bene, suna takawa da ƙafafu suna aman hayaƙi. Abin mamaki, manoman ko ɗaga kai ba su yi ba! Wani mai zane ɗan ƙasar Folan, Jakub Różalski, shi ya zana, yana kwatanta Turai ta shekarun 1920 da a ce yaƙi ya bar mata irin waɗannan injuna. Wani Ba'amurke, Jamey Stegmaier, ya ga zanen ya gina wasa a kansa, ya roƙi jama'a ta intanet su biya tun kafin a buga, suka tara masa fiye da dala miliyan 1.8, wasan ya fito a 2016. Na zauna na gwada. Ashe duk da girman dodannin, faɗa kaɗan ne a ciki. Yawancin lokaci kana tara itace da mai da ƙarfe da hatsi ne, kana harara da maƙwabcinka, kowa na tsoron ya fara. Jarumar da ta faɗo mini wata yarinya ce mai yawo da dabbar nan ta ƙasashen sanyi, beya, da ake kira Wojtek, kuma an taɓa yin beya mai wannan suna a rundunar Folan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan mutum-mutumin robar da ake turawa a kan allon, na tabbata da wani malamin unguwarmu ya gan su sai ya yi gyaran murya.

Wannan salo ɗan uwan wanda suke ce wa sitimfank ne: a ɗauki zamanin gawayin kwal da tururi, a ƙawata shi da tagulla, bututu, haƙoran inji da hayaƙi. Launukansa ƙasa-ƙasa ne, da ruwan tsatsa, da baƙin tukunya. Ko Brass: Birmingham na 2018, wanda tarihin masana'antun Ingila ne zalla daga 1770 zuwa 1870, da irin wannan duhun aka zana shi, garuruwa na ƙyalli kamar garwashi. Kana haƙa magudanar jiragen ruwa, daga baya ka shimfiɗa layin dogo, irin wanda bai iso Kano ba sai 1911. A wasan ba ka iya sayar da yawancin kayanka sai da gangar giya. Na ce to, Allah ya kyauta, na yi gaba.

Frostpunk ne ya hana ni sakewa. Asalinsa wasan kwamfuta ne na wani kamfanin birnin Warso, na 2018, aka mayar da shi na tebur. Duniya ta daskare a ƙarshen ƙarni na 19, mutane 'yan kaɗan sun taru a wani rami kewaye da injin ɗumama guda ɗaya. Injin nan an ƙera shi da roba, yana tsaye ƙiƙam a teburin kamar hasumiya. Kana zuba masa ƙananan ƙwayoyin gawayi ta sama, wasu su maƙale, wasu su faɗo ƙasa, kuma waɗanda suka faɗo alama ce ta injin yana gajiya. Allon duk fari ne da shuɗi-shuɗi, ja ɗan kaɗan ne, inda wuta take. Sai a miƙo maka doka: za ka sa yara aiki, ko za ka bar gari ya rasa gawayi? Na dubi abokan zamana. Mutane ne ƙosassu, cikin ɗaki mai ɗumi, ɗaya na gutsurar burodin nan nasu mai lanƙwasa da barbaɗin gishiri, amma sun haɗe fuska suna gardamar wa za a bari da yunwa. Kuɗi suka biya don su ɗanɗani wannan tashin hankali, kuma da aka ci su, gari ya mutu, suka tafa suna dariya. A ganina, sai wanda wahala ta yi wa nisa ne ke iya sha'awarta haka.

Washegari, bayan na cika ciki da naman döner a shagon wani Baturke, wanda shi ne mafakar mai gudun naman alade a garin, na shiga jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Zollverein. Tsohuwar mahaƙar kwal ce da aka rufe a 1986, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2001. Nan na ga ainihin abin da masu zanen ke kwaikwaya: hasumiyar ƙarfe mai manyan ƙafafun juyi a samanta, bututu masu tsatsa da mutum zai iya tafiya a cikinsu, jan bulo da hayaƙi ya dafa. Mahaƙar baƙin kwal ta ƙarshe a Jamus ma a nan kusa take, a Bottrop, kuma sai a 2018 aka rufe ta. Kakannin wasu daga cikin masu wasan nan ƙurar wannan rami suka shaƙa. Yanzu kuwa, a gefen tandunan da ake gasa kwal, da bazara sukan kafa wurin ninƙaya, da sanyi kuma su daskarar da ruwa yara su zo suna sulu a kan ƙanƙara.